Jakar farauta: abin da duwatsun Adar suka koya mani

Kwana huɗu muka yi niyyar yi a duwatsun da ke tsakanin Kaita da Buza, ni da kawuna da wasu maharba biyu na garinsu. Lokacin hunturu ne, an gama girbi, zabin daji sun yi ƙiba. Ni ɗan birni, haifaffen Tawa, na tafi da jaka sabuwa fil da na saya a wani kanti, mai zanen kayan soja, aljihuna ko'ina kamar rigar boka. Mai kantin ya rantse mani ko raƙumi aka ɗora wa ita sai ya gode. Jika goma sha biyu na sefa na ba shi.

Kawu ya ɗaga ta da hannu guda, ya juya ta, ya ce, "Ɗana, wannan ta ɗalibai ce. Ina ɗamararta?" Ban gane ba. Shi burgaminsa na fatar akuya ne a rataye, da salka, da ɗan gatari. Na yi dariya a zuci, na ce tsoho bai san zamani ba.

Kafin azahar ta ranar farko na san wanda bai san zamani ba.

Matsalar duka ruwa ce. A tudun Adar in ka bar kwari ka hau sama, dutse ne ja da tsakuwa, sai ƙaya, ba rijiya ba tabki. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, ba ragi. Ni na ɗauki lita takwas don ta kai ni kwana biyu kafin mu sauko wani ƙauye mu cika. Ka ƙara tukuɗi, cuku, dabino, ƙuli-ƙuli, bargo, butar shayi da sukari (wanda ya ce a bar shayi a gida ba da mu zai tafi ba), kaya sun kai kilo goma sha takwas. Ni kuwa nauyina bai wuce kilo sittin da biyar ba. Masu yawon duwatsu suna cewa kada kaya su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mutum, wato ni kilo goma sha uku ne haddina. Duk wannan nauyi kuma a kan igiyoyi biyu sirara ya rataya, suna yanka kafaɗata. Hannuwana suka mutu, yatsu suka riƙa tsirawa. Da muka zo hawa wani gangare, jakar ta ja ni baya, don na zuba ruwan a can ƙasa nesa da bayana, na dafa dutse, ƙarangiya ta cika mani tafi.

Kashegari da hantsi igiyar dama ta tsinke daga ɗinkinta. Zif ɗin sama ya riga ya cika da ƙura ya ƙi rufuwa. Kawu bai ce uffan ba. Ya zauna gindin aduwa, ya fiddo basilla da jijiya ya ɗinke, sannan ya kwance rawaninsa ya zagaya ƙasan jakar ya ɗaure mani a ƙugu tamau, yadda mace ke ɗaure goyo. Ina miƙewa na ji kamar an sauke mani rabin kayan. "Ka taɓa ganin uwa ta rataya ɗa a kafaɗa ta tafi daka?" in ji shi. Ashe ɗamarar da yake nufi ke nan.

Jakata ta biyu a Yamai na same ta, a kasuwar Katako, wajen masu kayan hannu na biyu. Tsohuwa ce, launin ƙasa, har da ɗan faci. Amma wannan karon na san abin da nake nema. Ɗamarar ƙugu mai faɗi da kauri, wadda za ta zauna daidai kan ƙashin ƙugu, don can ne mafi yawan nauyi ya kamata ya sauka. Sanduna biyu na alminiyon a ciki, masu hana ta lanƙwashewa. Sai tsawon baya, wanda kusan ba wanda ke dubawa: ana aunawa daga ƙashin nan da ke fitowa a bayan wuya in ka sunkuya, zuwa daidai saman ƙugu, ba tsayin mutum gaba ɗaya ba. Na ce wa mai kayan ya bari in gwada ta da nauyi. Ya ɗauka wasa nake, sai da ya ga na sayo ledar ruwa na cika ta na zagaya layin sau uku. Jaka wofi kowace mai daɗin goyo ce.

Lita sittin da biyar take ci (da lita ake auna girman cikin jaka), kuma ta ishe ni kwana huɗu zuwa biyar, har da wurin zabi da zomo in Allah ya ba da sa'a. Na ga masu tamanin, ban yi sha'awa ba. Ina da halin cika duk wurin da na gani a buɗe. Yadin Cordura ne, wani irin nailan mai kauri, wanda farar ƙaya ke karta ba ta huda ba, bakinta kuma na tsukewa ne da igiya, ga murfi a kai. Zif ɗaya ne kawai, shi ma ina goga masa kyandir kafin tafiya. Aljihun raga na gefe na sa baduku ya cire ya sa fata, don raga da ƙarangiya ba sa rabuwa lafiya.

Shiryawa kuwa: bargo a ƙasa, ruwa a tsakiya manne da baya, abinci kewaye da shi. Nama ba ya shiga leda, ɓaci yake yi. Buhun atamfa nake sa shi in ɗaure a waje iska na bugunsa. Aljihun murfi na tocila ne da wuƙa da takardar izini, domin dokar farauta ta 1998 tana nan, ma'aikatan gandun daji kuma ba sa karɓar "na manta ta a gida".

Bana da muka koma, a rana ta uku gwiwar Kawu ta motsa. Ya tsaya ya dubi jakar tawa, ya ƙwanƙwasa ɗamarar da yatsa, sannan ya sauke salkarsa ya miƙo mani. "Tunda ka sayi jaki, ɗana, ɗora masa wannan."