Zawarci Tsakanin Kwanan Asibiti da Jarrabawa

Kwanan asibiti ne ya kashe aurena na farko. Mutumin ya aure ni yana sane da cewa ni likita ce, har yana alfahari da hakan a cikin abokansa, amma likitar da ke cikin tunaninsa ita ce wadda za ta fita da hantsi ta dawo kafin la'asar, bai taɓa kawo wa ransa wadda za a tasa da ƙarfe biyun dare saboda jariri ya kasa numfashi ba. Da na shiga horon ƙwarewa a fannin lafiyar yara, ƙorafi ya zama faɗa, faɗa ya kai gaban manya, daga ƙarshe ya ce in zaɓi ɗaya. Na ce ba zan iya ajiye aikin ba, shi kuma ya ba ni takardata, na koma gidan mahaifina a Kano da 'yata a goye.

Wanda bai san tsarin horon ba ba zai gane girman abin da aka nemi in ajiye ba. A Nijeriya likita ba ya zama ƙwararre sai ya bi ta kwalejin ƙasa ta horar da ƙwararrun likitoci da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko kuma ta takwarorinta na Afirka ta Yamma. Akwai jarrabawar share fage da muke kira firamare, sai ta sashe na ɗaya bayan 'yan shekaru ana aiki a ƙarƙashin manya, sai ta sashe na biyu wadda ba a shiga sai mutum ya gudanar da bincike ya rubuta kundi. Sau biyu a shekara ake zama jarrabawar, wanda ya faɗi kuwa sai ya jira kusan wata shida ya sake biyan kuɗi, kuma ko komai ya tafi daidai hanyar ba ta kasa shekara biyar zuwa shida. Duk wannan karatu ana yin sa ne a kan cikakken aiki, da zagayen duba marasa lafiya, da kwana a ɗakin gaggawa.

Idda ta yi mini amfanin da ban zata ba. Tsarki ukun nan da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara lokaci ne da shari'a ta hana kowa fitowa fili ya nemi mace, saboda haka na samu sararin da babu mai jan hankalina, na zauna na rubuta shekarun da suka rage mini, da kuɗin da za su ci, da abin da zan iya sassautawa da wanda ba zan iya ba. Wannan takarda ita ce ta zama ma'aunina a duk tsawon zawarcina, domin an rubuta ta ne tun kafin wani ya shiga raina ya sa in fara yi wa kaina rangwame.

Bazawara mai albashi ba ta rasa manema, kuma kusan kowannensu da magana guda yake buɗe baki, cewa shi mai son ilimin mata ne kuma zai tsaya mini. Wannan magana ba ta da tsada, na kuwa taɓa jin ta daga bakin wanda ya sake ni. Don haka na daina tambayar mutum ra'ayinsa, na koma miƙa masa jadawalin aikina na wata, in ce ya duba ya zaɓi ranar da zai zo zance. Wasu daga nan suke janyewa. Wasu sukan zo sau ɗaya ko biyu, ranar da suka tarar an kira ni asibiti sai su bar saƙon da ke nuna an taɓa musu girma, ni kuma in gode wa Allah da abin ya fito tun da wuri.

Wanda na aura daga baya ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, matarsa ta rasu ta bar masa yara biyu, kuma mijin yayata ne ya haɗa mu. Farkon sanayyarmu ya faɗo a 2023, shekarar da cutar mashaƙo ta yi tsanani a Kano, ga kuma damina wadda dama a cikinta ne zazzaɓin cizon sauro ke cika mana gadaje da yara masu jijjiga da ƙarancin jini. Babu lokacin da ya fi wannan muni ga neman aure, kuma a ganina babu wanda ya fi shi fa'ida, domin ya ga aikin a mafi nauyin yanayinsa. Wata rana da na ba shi haƙuri a kan wani alkawarin zance da ya sake rushewa, sai ya ce, "Likita, ni ma daga tsakiyar Sha'aban har jajiberen Sallah ba za ki riƙa ganina ba sai dare ya raba, kowace sana'a da kakarta." Maganar ta kwantar mini da hankali fiye da duk wani alkawari, saboda ta fito ne daga wanda ya san yadda aiki ke cinye mutum, kuma ta sanar da ni cewa ni ma akwai haƙurin da za a nema a wurina.

Duk da haka na daɗe ina ɗari-ɗari da shi, domin wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mahaifiyata ce ta lura cewa duk lokacin da magana ta fara nisa sai wani karatu na gaggawa ya taso mini. Ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ke, wannan bawan Allah ba shi ya ci miki bashi ba, kada ki sa shi biya." Abin da na fahimta daga nan shi ne, aiki mai daraja yana iya zama maɓoya mai kyau, domin babu wanda zai zargi likitar yara idan ta ce ba ta da lokaci. Sai na ware masa yammaci guda a kowane mako wanda nake musanya aiki da abokan aikina don in kare shi, kamar yadda nake kare sa'o'in karatuna na bayan sallar asuba. A ɗaya ɓangaren kuma na roƙe shi mu rage hirar WhatsApp ta tsawon yini, wadda ba ta ƙara sanayya sai dai ta yayyanka hankali, muka mayar da ita kira guda bayan isha'i.

Abin da ya fi ɗaukar mu lokaci shi ne maganar 'yata. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, uwa ce ke da haƙƙin riƙon 'ya mace har ta yi aure, amma idan uwar ta auri wanda ba muharramin yarinyar ba, haƙƙin yakan koma hannun kakarta ta wajen uwa. Mata da yawa ba sa tuna wannan sai an ɗaura aure rigima ta tashi. Mu mun zauna tun da wuri, da saninsa da sanin dangin mahaifinta, aka tsayar cewa yarinyar za ta zauna wurin mahaifiyata, shi kuma ya amince ya nemi gida a kusa da unguwarmu maimakon ya kai ni gidansa da ke can wani gefen gari. Wannan ya rage mini tafiyar asibiti, ya kuma sa nake ganin 'yata kusan kullum, amma shi ya ƙara masa nisan kasuwa a lokacin da aka cire tallafin man fetur kuɗin zirga-zirga ya ninka. Na riƙe masa wannan a raina har yau.

Sai batun sharaɗi. Na so a faɗi a gaban waliyyai cewa zan ci gaba da aiki da horo har in kammala, kuma a matsayina na bazawara ina da bakin magana a kan aurena. Kawuna, wanda malami ne, ya kawo hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim cewa sharuɗɗan da suka fi cancanta a cika su ne waɗanda aka halatta aure da su, amma ya gargaɗe ni cewa a Malikiyya irin wannan sharaɗi ana son miji ya cika shi ne, ba a cika tilasta masa ba sai an ƙulla sharaɗin ta wata hanya ta musamman. Ya ce, "'Yata, shaidu suna da amfani, amma halin mutumin shi ne jinginarki." An dai faɗi sharaɗin a gaban manyan ɓangarorin biyu, kuma amfaninsa ya bayyana ta inda ban yi tsammani ba, domin ranar da wata gwaggonsa ta fara ƙorafin cewa amarya ba ta kwana a gida, yayansa ne ya tuna mata abin da aka yi alkawari a kansa.

Ranar biki ma sai da aka ja. Danginsa sun so a yi kafin azumi, ni kuma jarrabawar sashe na ɗaya tana gabana, na san kuma hidimar lefe da kamu da tarewa ba ta haɗuwa da karatu. Aka ɗaga zuwa bayan jarrabawa, aka kuma taƙaita bikin, abin da dama ya fi dacewa da auren bazawara da wanda ya taɓa aure.

Ni ma akwai abin da na bari. Abokan karatuna da dama sun tafi Saudiyya ko Ingila, inda albashi ya ninka namu sau da yawa, kuma an yi mini tayin hanya a daidai lokacin da maganar aurenmu ta kankama. Shi jarinsa da abokan cinikinsa da 'ya'yansa duk a Kano suke, ba zai iya kwashe rumfa ya bi ni ba. Na ajiye tayin, na kuma zaɓi batun binciken da zan iya tattara bayanansa a asibitinmu ba tare da doguwar tafiya ba. Muna samun saɓani har yanzu, musamman idan kwanan aikina ya faɗo a ranar da yaransa ba su da lafiya ko yana da baƙi, kuma mun ɗauki mai taya aikin gida wadda muke raba kuɗinta. Maganar fita waje kuwa mun yarda za mu sake buɗe ta idan na gama sashe na biyu, shi yana fatan kafin nan na daina sha'awarta, ni kuma na gaya masa tun yanzu cewa ban daina ba.