Ɗaukar fim ɗin ƙwayoyin halitta na ido a cikin tayin kifin zebra, a zafin Maradi

Fim ɗin farko da na ɗauka na tantanin gani na bayan ido, wato retina, a cikin tayin kifin zebra ya yi kyau a kallo, amma goge shi na yi. Awa 14 na'ura tana aiki. Da gari ya waye na gwada tayin da ke ƙarƙashin madubin ƙara girma da ƴan uwansa da aka bari a akwatin reno, sai na ga sun bar shi nesa: idonsa ƙarami, zuciyarsa na bugawa a kasalance. Ashe marar lafiya na kwana ina aunawa, kuma hasken da na yi ta zuba masa ne ya sa masa ciwon. Tun daga ranar ba na ɗora tayi a na'ura sai na ware biyar daga ƙwan uwa ɗaya, cikin ruwa iri ɗaya da zafi iri ɗaya, waɗanda haske ba zai taɓa ba.

Kifin, Danio rerio, ɗan asalin ruwan Indiya da Bangaladash ne. Ƙwansa bai kai milimita ɗaya ba, a waje yake girma, ana hango cikinsa tangaran. Jadawalin girmansa da Kimmel da abokan aikinsa suka fitar a 1995 an yi shi ne a kan digiri 28.5, kuma da shi kowa ke lissafi. Wajen awa 24 bayan haɗuwar ƙwai da maniyyi ido ya zama ƙoƙo. Wajen awa 28 ake samun ƙwayoyin jijiya na farko, gangiliyon, masu kai saƙo ƙwaƙwalwa, a wani lungu na ƙasan ido ta ɓangaren hanci, daga nan abin ya bazu ya zagaye idon. Kafin awa 60 retina ta jeru hawa-hawa, a kwana uku kifin na gani. Mafi daɗin kallo yana tsakanin awa 26 da 45.

Na koyi aikin a Turai a kan na'urar konfokal, madubin da ke ɗaukar zurfi ɗaya kawai a lokaci guda. A labo ɗinmu na nan Maradi abin da ke hannu madubin fuloresan ne, wato mai ganin ƙwayoyin da aka sa su yin haske, irin na gama-gari, mai fitilar LED da kamara da ƙaramar mota mai sauya zurfi. Irin wannan ba ya tace hasken da ke zuwa daga sama da ƙasan inda aka saita, saboda haka idan duk ƙwayoyin idon suna haske, hazo kawai za ka gani. Mafita ita ce a yi wa kaɗan alama. Da allurar gilashi muke tura nanolita ɗaya na DNA mai sa ƙwaya ta yi furotin mai haske, kimanin fikogiram 10 zuwa 20, a cikin ƙwai tun yana ƙwaya ɗaya. DNA ɗin ba ya rarrabuwa daidai, sai wasu ƙwayoyi su samu wasu su rasa. Washegari mu zaɓi tayin da ke da ƙwayoyi biyar zuwa goma masu haske a ido, a warwatse. Ɗalibai kullum wanda ya fi walƙiya suke ɗaukowa, “Malam, ga mai kyau nan,” alhali shi ne ba ya aikin komai.

Ruwan reno E3 ne: a kowace lita, milimola 5 na NaCl, 0.17 na KCl, 0.33 na CaCl2, 0.33 na MgSO4, a cikin tataccen ruwa, ba na famfo ba saboda kulorin. Shuɗin metilin da ake ɗigawa don kashe fumfuna ban da shi a ruwan ɗaukar hoto, yana ƙara hazo. Baƙin launin da ke rufe bayan ido yana fara fitowa wajen awa 24, kuma in ya fito ya fito ke nan. Don haka a awa 22 nake sa PTU, maganin da ke hana launin fitowa, kashi 0.003 cikin ɗari, wato miligiram 30 a lita. Guba ne, a sa safar hannu. Yana kuma ɗan rage girman ido, shi ya sa ƴan uwan da aka ware su ma dole su sha shi, in ba haka ba gwajin ya zama banza. Kada wani ya ruɗe ka da irin kifin nan kasfa mai jiki garau: fatarsa ce ba launi, idonsa baƙi ƙirin ne.

Ana ɓare ɓawon ƙwai da matsefata biyu masu tsini, sannan a sa maganin barci, tirikayin. Miligiram 4 a kowace mililita nake haɗawa, in daidaita pH ya zama 7, in ɗebi mililita 4.2 in zuba a mililita 100 na E3. Wanda bai daidaita pH ba ruwan tsami ya zuba wa tayin.

A wurin dasa tayi cikin agaros, abin da ke daskarewa ya riƙe tayin wuri ɗaya, ne garinmu ya nuna mini halinsa. Agaros mai saurin narkewa yana daskarewa ne tsakanin digiri 26 da 30. A Afirilu da Mayu, in kilim mai sanyaya ɗaki ya tsaya, ɗakin kan wuce 35, sai ka kwantar da tayi ka jira ka gaji, agaros yana nan ruwa, tayin na juyawa yadda ya ga dama. Abu biyu suka warware mana. Na farko, farantin ƙarfe da muke ajiyewa a firigo, ba a wurin ƙanƙara ba: da an gyara kwanciyar tayin sai a aza kwanon a kansa minti ɗaya ko biyu. Na biyu, mun juya wa kifayen agogo. Suna yin ƙwai ne da zarar haske ya zo, awa 14 na haske da 10 na duhu suke so. In fitila na kamawa ƙarfe 8 na safe, awa 28 za ta faɗo tsakar ranar gobe. Sai muka toshe tagar ɗakinsu, fitila ta riƙa kamawa ƙarfe 4 na yamma, ta mutu 6 na safe. Cikin sati biyu suka saba. Yanzu da magariba muke dasawa, fim ya tafi cikin dare.

Agaros ɗin kashi 0.6 zuwa 0.8 cikin ɗari nake yi, da tirikayin da PTU a ciki, a riƙe shi a digiri 40. Ya fi haka zafi, ka dafa tayin. Kashi 1 kuwa yana matse shi, kai ya kasa miƙewa, ido ya karkace. Kwanon mai gindin gilashi ne, milimita 35, kaurin gilashin 0.17. Da yake gilashin madubinmu daga ƙasa yake kallo, tayin kan gefensa zai kwanta, ido ɗaya manne da gilashi. Gwaiduwa takan ɗaga kan sama, sai a danna shi a hankali da gashin gira da aka manna a tsinke. In ya daskare a zuba mililita 2 ko 3 na E3 mai maganin barci a rufe. Da hunturu ruwan nan kan ƙafe kafin asuba, gishiri ya yi yawa, don haka muna kewaye kwanon da jiƙaƙƙiyar auduga.

Abin da ake gani ya cancanci wahalar. Kowace ƙwayar asali, wato wadda sauran ke fitowa daga cikinta, doguwa ce siririya, ta miƙe daga bangon waje na retina zuwa na ciki, cibiyarta, inda DNA ɗinta yake, tana kai da komo a tsakani. Mafi yawan lokaci ɗan motsi ne marar alƙibla, kamar mutum a cunkoson kasuwa. Amma in rabuwa ta gabato sai cibiyar ta nufi bangon waje kai tsaye cikin sauri, can kaɗai take rabuwa. Binciken da aka yi a labo ɗin Harris a Kambirij, wanda ya fito a 2009, ya nuna aktin da mayosin, furotin irin masu motsa tsoka, ne ke tura ta. Ƴar da za ta zama gangiliyon tana da ƙwayar gado atoh7 a kunne, ta gangara bangon ciki ta wajen tsakiyar ido, ta fitar da doguwar jijiyarta. Duk minti 5 nake ɗauka. Na gwada minti 15 don rage haske, amma a tsakanin hoto biyu ƙwaya ta rabu, ƴaƴan sun sauya wuri, ban san wace ce wace ba.

Yi lissafin da ban yi ba a karon farko. Awa 14 a kan minti 5 sau 168 ne. Hawa 15 na zurfi a launi biyu hoto 30 ne kowane zagaye. Jimla sau 5,040 ka haska tayin. Yanzu hawa 10 nake yi, tazarar maikuromita 2, fitila a ƙasa yadda da ƙyar nake gane ƙwayar, kuma a kashe take tsakanin hotuna. In da zaɓi, jan furotin na fi so a kan kore, domin shuɗin hasken da ke tayar da GFP, wato koren furotin, ya fi cutarwa. Alamar an wuce gona da iri ita ce ƙwaya ta dunƙule a bangon waje ta fi awa ɗaya ba ta rabu ba, ko ta farfashe ta zama ɗigo-ɗigo. Dusashewar launi daga baya take zuwa, kada ka jira ta.

Akwatin renon da ɗumamawa kawai ya iya ba shi da amfani a nan rabin shekara. Mai sanyayawa ake bukata, a kan batir da sola, don kafin a tayar da gurup, wato janareta, zafi ya riga ya hau. Sama da digiri 33 tayi na fara nakasa. In kuma alamarka tana ƙarƙashin makunnin hsp70, guntun DNA mai kunna alamar idan an ji zafi, wanda da gangan ake tayar da shi da digiri 38 na rabin awa, ɗaukewar wuta ɗaya da rana za ta kunna shi a lokacin da ba ka sani ba. Ma'aunin zafi mai ajiye bayani a gefen kwanon nake sa shi, ba a bango ba. Kuma ba na yarda da agogo kaɗai wajen faɗin shekarun tayi, sai na duba siffarsa na gwada da jadawali.

Tayi na girma yana miƙewa, saboda haka ido zai yi ta zamewa daga inda aka saita. Ina barin fili ta gaban kai, sauran in gyara a manhajar Fiji, kyauta ce, in bi kowace cibiya da hannu. Da safe in fasa agaros da matsefata, in mayar da tayin ruwa marar maganin barci kusa da ƴan uwansa. In ya farka, girmansa ya yi daidai da nasu, kuma a kwana na biyar yana iyo kamar su, sai in ajiye fim ɗin. Cikin huɗun da muka ɗauka a satin da ya wuce, biyu suka tsallake.