Gidan haya mai kaya a Katsina da Daura: abin da kamfanoni ke biya wa kuɗi

Ma'aikacin da aka turo Katsina aikin wata huɗu ba zai biya hayar shekara ba, balle ya shiga kasuwa neman katifa da labule da tukwane. Otal kuma da ya wuce sati biyu sai ya fara gundurarsa: babu wurin girki, babu wurin shanya, kuɗi kuma kullum hawa yake yi a kan ofishinsu. A tsakanin waɗannan biyun ne gidan haya mai kaya ya sami kasuwa, wato gidan da baƙo zai shigo da jakarsa kawai, ya kwana, washegari ya tafi aiki.

Masu neman irinsa sun ƙaru a 'yan shekarun nan. Akwai injiniyoyi da masu awon ƙasa da ke bin manyan kwangiloli, irin layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda ya biyo ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Akwai ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da na lafiya, waɗanda saboda matsalar tsaro a wasu ƙananan hukumomi suka gwammace su kwana a cikin birni, su riƙa fita aiki da safe suna dawowa kafin magariba. Akwai manajojin banki da jami'an kwastan da aka yi wa canjin wurin aiki, da likitocin da ke zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya, da malaman da ke zuwa koyarwar zango ɗaya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Al-Qalam. A Daura kuma zuwan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri da asibitin sojojin sama ya kawo baƙin da garin bai saba da yawansu ba. Yawancinsu su kaɗai suke fara zuwa, iyali sai daga baya idan zama ya kama.

Inda masu gidaje da yawa ke yin asara shi ne su zuba kuɗin a inda ido ke gani: kujeru na alfarma, silin mai fitilu kala-kala, talabijin kamar allon makaranta. Jami'in da ke nemo wa ma'aikata masauki ba wannan ya dame shi ba. Tambayoyinsa huɗu ne, kuma kusan ba sa canjawa: wuta awa nawa, ruwa daga ina, wa ke gadi, za a ba mu rasit da sunan kamfani? Wanda ya iya amsa waɗannan da lissafi ya gama rabin cinikinsa.

Wuta ita ce uwa uba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40, kuma baƙon da ya kwana biyu cikin gumi ba zai yi na uku ba. Wutar KEDCO ba abin da za ka yi wa kamfani alkawari a kansa ba ne, janareta kuma tun cire tallafin man fetur a 2023 ya koma na ko-ta-kwana. Saboda haka sola ce ginshiƙi, amma sai an yi mata lissafi. Esi mai ƙarfin doki 1, irin mai rage cin wuta da kansa, yakan ci wat 600 zuwa 800 idan ɗaki ya fara sanyi. A dare ɗaya na awa takwas ya cinye wajen kilowat-awa 5 zuwa 6. Ƙara firji da fankoki da fitilu, ka ga batirin litiyam mai kilowat-awa 5 ba zai kai ka asuba ba. Ɗaki ɗaya mai esi yana son kilowat-awa 10, da inbata mai kVA 5, da farantan sola masu wat 550 guda shida zuwa takwas. Idan ɗakuna biyu ne za su kwana da esi, a kusan ninka batirin.

Abin da ya fi kashe inbata a gidan haya shi ne hita ta banɗaki, da butar lantarki, da dutsen guga. Kowanne yana jan wat 1,000 zuwa 2,000, baƙo kuma bai san wane soket ne na sola ba. Maganin yana hannun mai wayarin tun farko: a raba layi biyu, masu cin wuta su tsaya kan layin KEDCO da janareta, a sa wa soket ɗin sola alama mai launi. A ajiye batir a ɗaki mai shan iska, don zafi yana rage masa kwana. Lokacin hunturu ƙura tana rufe faranti cikin 'yan kwanaki, sai a ga caji ya ragu a ɗauka batir ne ya lalace. A wanke su sau ɗaya a sati, da sassafe kafin su yi zafi.

Ruwa lissafinsa ya fi sauƙi. A ware wa mutum ɗaya lita 100 a rana, wanka da wanki da girki. Gida mai mutum huɗu, tanki mai lita 2,000 zai kai shi kwana huɗu zuwa biyar. Ko da ruwan famfo yana zuwa unguwar, kamfani ya fi natsuwa da gidan da ke da rijiyar burtsatse tasa. A yi wa tankin rumfa, domin tankin roba baƙi da ke tsaye cikin ranar Afrilu, ruwansa da la'asar ba ya taɓuwa. A sa masa ƙwallon da ke kashe injin idan ya cika. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ke ɓata ciniki ba a sani ba: gidan da ya yi sati uku a rufe, ruwan da ke lanƙwasar bututun masai da na wurin wanke hannu yana bushewa, sai warin sokawe ya dawo cikin ɗaki. Mai dubawa yana buɗe ƙofa abin da zai fara tarbarsa ke nan. A sa wani ya riƙa kora ruwa a kowane banɗaki sau ɗaya a sati.

Kayan ɗaki kuwa a saya masu jure ƙura da zafi. Tayil ya fi kafet. Kujerar leda tana ɓarewa bayan bazara biyu, gara mai yadi da ake cire rigarta a wanke. Katifa ta kai inci 8 zuwa 10, a sa mata rigar da ruwa ba ya ratsawa, kowane gado kuma da zanin gado saiti uku: ɗaya a shimfiɗe, ɗaya a wanki, ɗaya a ajiye. Raga a kowace taga saboda sauro, da roba a ƙasan ƙofa saboda ƙurar hunturu. Kada a manta da tebur da kujerar aiki kusa da soket, don waɗannan baƙin da dare suke rubuta rahoto. Tukunyar gas mai kilo 12.5 ta zauna a waje cikin keji, da abin kashe gobara a bakin kicin. Sallaya da buta da 'yar alamar alƙibla a bango kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma baƙon da ya sauka da dare ba sai ya buga wa kowa waya ba. Intanet kuma a gwada shi a cikin uwar ɗaki, ƙofa a rufe, ba a tsakar gida ba, a kuma tanadi layin kamfanoni biyu. Wasu sun fara sa Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam, tun shigowarsa Nijeriya a 2023, kuma a gidan da zai ɗauki ayarin mutum biyar ko shida yana biyan kansa.

Sai farashi, inda mutane ke yaudarar kansu. Mu ɗauki misali. A ce gidan in babu kaya hayarsa naira miliyan 2.4 ce a shekara, wato 200,000 a wata. Ka zuba sola da kaya na miliyan 12. In ka raba su kan shekara huɗu, tunda kafin nan wasu sun tsufa wasu sun lalace, 250,000 ke nan a wata. Maigadi da mai shara da intanet da ƙananan gyare-gyare, a ce 150,000. Jimilla 600,000. Amma gidan ba zai cika wata goma sha biyu da mutum a ciki ba. Idan wata takwas ya samu, dole wata takwas ɗin su ɗauki nauyin shekarar duka, sai farashin ya koma 900,000 a wata kafin a yi maganar riba. Wanda ya yanka 600,000 yana murna, ƙarshen shekara zai tarar da hayar gidan babu kaya ta fi masa. Shi ya sa kwantiragin wata shida da ragi ya fi na wata ɗaya mai tsada, kuma rangwame ya kamata ya bi tsawon zama.

Kamfani da takarda yake ciniki. Ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka sami lambar haraji, ka buɗe asusun banki da wannan sunan, domin ofisoshi da yawa ba sa tura kuɗi asusun mutum. Ka sani za su cire kashi 10 cikin 100 na kuɗin haya a matsayin haraji kafin su biya ka. Haƙƙinka ne su ba ka shaidar sun kai wa hukuma, kuma ka sa wannan cikin lissafinka tun kafin ka faɗi farashi. A takardar neman biya ka raba kuɗin haya daban, na hidima daban. Yarjejeniyar ta kasance da sunan kamfanin, ba da sunan ma'aikacin ba, lauya ya rubuta ta, a bayyana mutum nawa za su zauna, ko za a iya sauya wani da wani, sanarwar tashi ta wata nawa, da kuɗin ajiya na ɓarna. A faɗi yawan katin wutar da ke cikin farashi, abin da ya haura nasu ne, in ba haka ba za a bar esi a kunne a tafi Funtuwa kwana biyu. A kuma rubuta cikin awa nawa za ka kawo mai gyara idan famfo ko inbata ya tsaya. Awa 24 ka rubuta, ka kuma cika.

Tallar kanta ba allo a bakin titi ba ce. Masu yanke shawara 'yan kaɗan ne: jami'in mulki na ofis, mai kula da sufuri da masauki, wani lokaci jami'in tsaronsu. Ka je ka same su da takarda shafi ɗaya mai ɗauke da yawan ɗakuna, ƙarfin sola da batir, girman tanki, farashin wata ɗaya da na uku da na shida, da minti nawa ne zuwa filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa da asibiti da ofishinsu. Ka nemi su sa ka cikin jerin masu yi musu hidima, ko da yau ba sa buƙata. Direbobin motocin haya da ma'aikatan karɓar baƙi na otal su ma sun san wanda ya gaji da zaman otal. Dillali yana da amfani, amma a rubuta la'adarsa, a fayyace ko ta zaman farko ce kawai ko har da sabuntawa, don a nan rigima take tashi.

Galibi daga Abuja ko Kano ake zaɓar gidan, ta waya, kafin kowa ya taka Katsina. Gani ya kori ji, saboda haka bidiyo ya fi hoto ashirin. A ɗauke shi da hantsi, ba yankewa, daga bakin get zuwa wurin ajiye mota, falo, kicin, ɗakuna, a buɗe famfo ruwa ya zubo, a kunna esi, a nuna allon inbata. Kada a gyara hoto ya fi gidan kyau, wanda ya zo ya ga bambanci ba zai sake amsa wayarka ba. A Facebook da WhatsApp a faɗi unguwa kawai, GRA ko Barhim ko hanyar Dutsin-ma. Cikakken adireshi sai ga wanda aka tantance. Kada kuma ka yi talla da sunan ƙungiyar da ke zaune a gidanka. Wannan magana ce ta tsaron rayukansu, kuma sau ɗaya ka yi ta ka rasa su.

Idan jami'in tsaro ya zo dubawa, zai kalli tsawon katanga, fitilun waje, ko mota tana shiga ciki a rufe get, ko akwai ƙofar fita ta biyu, ko ƙarfen taga ɗaya yana buɗuwa idan gobara ta tashi. Zai tambayi maigadin sunansa da garinsu da wanda ya tsaya masa. Ka riga shi yin waɗannan tambayoyin.

Akwai kuma maƙwabta. Garin nan na mutunci ne, gidan da ake ganin baƙin fuskoki suna shiga da fita kullum ba ya daɗewa bai yi suna ba. Ka je ka gaida mai unguwa, ka gaya masa irin mutanen da za su riƙa zama. A ganina kuskure ne babba a cike watannin da gida ke fanko da 'yan kwana ɗaya ba tare da tantancewa ba. Kuɗin zai shigo, amma da zarar ƙorafi ya kai ga Hisba ko ofishin 'yan sanda, babu kamfanin da zai ƙara kai ma'aikaciyarsa gidan.

Daura tana son ƙarin taka-tsantsan. Kasuwarta ƙarama ce, kuma kaso mai yawa na baƙinta kwangila ce ta kawo su, ranar da aiki ya ƙare tare suke tashi. Hawan salla da sallar Gani suna cika gidaje na 'yan kwanaki, amma ba su isa a gina lissafin shekara a kansu ba. Wanda zai fara a can ya fara da sashe ɗaya mai ɗaki biyu, ya zaɓi kayan da za a iya kwancewa a ɗora a mota zuwa Katsina, tafiyar wajen kilomita 80, idan kasuwa ta ja baya.

Ranar shiga a zagaya gidan tare da wakilin kamfanin, takardar kaya a hannu: cokali nawa, tawul nawa, rimot nawa, lambar da mita ta nuna, nauyin tukunyar gas. A ɗauki hoton kowane ɗaki, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Ranar fita a sake bi da wannan takardar, a cire abin da ya lalace, a mayar da ragowar kuɗin ajiya cikin sati ɗaya, sannan a canja kan makullin ƙofar shiga kafin na gaba ya iso.