Kwana ukun farko na ɗan tarwaɗa

Ƙyanƙyasar tarwaɗa ce sana'ata, a nan Hotoro, kuma duk wanda ya taɓa sayen 'ya'yan kifi a hannuna ya san ba na sayar da abin da ban duba da idona ba. Uwa sai ta ƙosa nake yi mata allurar Ovaprim, maganin da ke sa ta saki ƙwai, da dare, gari na wayewa in tatse ƙwan, in gauraya da ruwan namiji, in shimfiɗa a kan raga. Idan ɗumin ruwa ya kai digiri 28, washegari sun fara fashewa. Da hunturu kuwa a gindin kwami nake kwana, ina gadin ɗumin nan.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya fara sa ni leƙa madubin likita. Ya ce, "Yaro, kalli nan da kyau." Ɗan kifi bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma ga zuciya tana bugawa, ga jini yana gudu a kan gwaiduwar da zai rayu da ita kwana uku kafin ya fara cin abinci. Har gobe a nan nake gane ƙyanƙyasar da za ta yi albarka.

Masana a ƙasashen waje wannan jinin suke bi, amma a jikin kifin zebra, ɗan asalin ruwayen Indiya, wanda George Streisinger na Jami'ar Oregon a Amurka ya fito da darajarsa. Ɗan tayinsa garau yake, kuma cikin kamar awa 24 zuciyarsa ke fara bugawa. Suna sa jijiyoyin jininsa su riƙa haske kore, sannan su saita tsinin hasken lesa su yanke jijiya ɗaya tak, ta kusa da ita lafiya lau. Sai su zuba ido: jini ya sauya hanya, bakin jijiyar ya tsiro ya sake haɗewa. Sun gano gudun jinin kansa yana cikin abin da ke tsara jijiyoyin, wadda ya daina bi takan janye ta ɓace. Ikon Allah!

Halitta mai laushi haka, sai mutum ya zo yana cewa, "Alhaji, a rage mana, can rabin kuɗi ne." Can ɗin ragowar tsumburarru ake tarawa a ce sabuwar ƙyanƙyasa ce. Wata shida zai yi yana zuba abinci, kifi bai cika tafin hannu ba. Nawa duk mako nake tantance su, manya daban, ƙanana daban, don kada su cinye juna. Mai saye ya zo da safe, madubin yana nan, ya leƙa kafin mu yi ciniki.