Labarin garinku kafin ya zama ihu bayan hari

Akwai wani abu da ya daɗe yana ɗaure min kai game da yadda muke bin labarai. Ka tare mutum a hanya ka tambaye shi me ake ciki tsakanin Rasha da Yukren, wallahi zai gyara tsayuwa ya warware maka tiryan-tiryan, har da sunayen makamai da wanda ya ce kaza a Majalisar Ɗinkin Duniya. Amma ka ce masa malam, yaushe majalisar ƙaramar hukumarku take zama, ko wa aka ba kwangilar magudanar ruwan nan da aka tone a ƙofar gidanka aka tafi aka bari, sai ka ga ya fara sosa ƙeya. Wani ko sunan kansilansa bai riƙe ba, alhali da hannunsa ya dangwala masa ƙuri'a.

Ba wai ina cewa a daina sauraron labaran duniya ba ne, nima ina saurare. Amma dai mu faɗa wa juna gaskiya, abun da yake taɓa rayuwar mutum kai tsaye yawanci a kusa da shi yake. Ranar da za a rufe rajistar masu zaɓe, ranar da ma'aikatan lafiya za su zo rigakafin yara, hanyar da za a toshe saboda gyara, inda aka mayar da wurin zuba shara, filin da yaran unguwa ke buga ƙwallo da aka wayi gari an kafa masa allo an ce an sayar. Irin waɗannan babu babbar tashar da za ta ɓata lokacinta a kansu, sai fa in an yi asarar rai.

Ni a ganina labarin gari iri biyu ne. Akwai na abun da ya riga ya faru, gobara, haɗari, faɗa, an kama ɓarawo, wannan ba sai ka nema ba shi da kansa zai zo ya same ka har ɗaki, kowa na son ya zama shi ya fara faɗa. Sai kuma na abun da ake shirin yi, wanda ba a riga an sa hannu ba, ba a fitar da kuɗin ba, ba a kawo katafila ba. To wannan na biyun shi ne mai amfani, don shi kaɗai ne za ka iya yin wani abu a kai, kuma abun haushin shi ne ba shi da daɗin ji ko kaɗan. Yana nan cikin wata takarda da aka liƙa a allon sanarwar ofis rana ta kode ta, ko a shafi na talatin da wani abu na kasafin kuɗi, ko a bakin sakatare yana karanto abun da aka tattauna a mitin ɗin baya rabin mutanen ɗakin na gyangyaɗi. Galibi ma ba ɓoye shi ake yi ba. An dai san babu mai zuwa ya duba.

In kana son ka ga inda rashin dubawar nan ke kai gari, ka nemi labarin wani ƙaramin gari mai suna Bell a jihar Kalifoniya ta Amurka. Mutanensa dubu 35 ne da 'yan kai, akasarinsu talakawa 'yan ƙwadago. A shekarar 2010 wasu 'yan jarida biyu na Los Angeles Times, Jeff Gottlieb da Ruben Vives, suna bin diddigin matsalar wani gari maƙwabci sai hanya ta biyo da su ta Bell, suka nemi a nuna masu takardun albashi. Ashe babban jami'in da ke tafiyar da garin, Robert Rizzo, yana ɗaukar kusan dala dubu 800 a shekara, wato kusan ninki biyu na albashin shugaban ƙasar Amurka. Mafi yawan kansilolin kuma kusan dala dubu 100 kowanne, a aikin da ba na cikakken lokaci ba, ta hanyar wasu kwamitoci da wani zubin zaman nasu bai wuce 'yan mintuna ba. Su kuwa mutanen gari suna ta biyan harajin gidaje da ke cikin mafiya tsada a duk yankin.

Amma ni ba girman kuɗin ne ya fi tsaya min a rai ba. Tun a 2005 aka yi wata ƙuri'a ta musamman a garin don sauya tsarin mulkinsa, sauyin da ya ba kansilolin damar kauce wa iyakar da jiha ta sa wa albashinsu, kuma waɗanda suka fito suka jefa ƙuri'ar ba su kai mutum 400 ba. A garin mutum dubu talatin da wani abu fa! Ka ga kenan ƙofar a buɗe take tsawon shekara biyar kowa na wucewa ta gabanta. Daga baya kam an yi ta zanga-zanga, ɗakin taron majalisa ya cika maƙil har waje, jaridar ta ci kyautar Pulitzer, babbar lambar yabon aikin jarida a Amurka, a 2011, shi kuma Rizzo aka yanke masa shekara 12 a 2014. To amma kuɗin shekara da shekaru sun riga sun tafi.

Me ya sa ba wanda ya lura? Babu ɗan jaridar da aikinsa kenan ya je ya zauna a kowane mitin ɗin majalisar. Kuma ba Bell kaɗai ba ne, masu bincike a Jami'ar Northwestern sun nuna cewa daga 2005 zuwa yanzu Amurka ta rasa sama da kashi ɗaya cikin uku na jaridunta, mafi yawansu ƙananan jaridun gari masu fitowa mako-mako. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne, tallan da suke rayuwa da shi ya koma Google da Facebook. A wurare da yawa na duniya ma dama can ba a taɓa samun jaridar garin ba balle ta mutu, rediyo ne kawai, shi ma in an yi sa'a.

Sai guruf-guruf na WhatsApp suka zo suka cike gurbin, kuma ni ba na cikin masu zaginsu. Yaro ya ɓata a tura hotonsa kafin dare an gan shi, ana neman mai ba da jini cikin gaggawa a samu, bututu ya fashe a faɗa kowa ya tari ruwa. Wannan babu jaridar da ta taɓa iya yinsa da irin wannan saurin. Matsalar ita ce hanyar da labarin gaskiya ke bi ita ce dai ƙarya ke bi, kuma ƙarya ta fi gudu don ta fi gishiri. Saƙon murya na wani da ba a san ko waye ba yana haki yana cewa a tura wa kowa da kowa, hoton wani abu da ya faru shekaru da suka wuce a wata ƙasa daban a ce yanzun nan ne a bayan tasha. A Indiya sai da aka kashe mutane da dama saboda ji-ta-ji-tar masu satar yara, har kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar kacal a can a 2018, a farkon 2019 ya mayar da dokar ta duniya baki ɗaya, a 2020 kuma ya ce saƙon da aka riga aka yi ta yawo da shi sai dai a tura shi wuri ɗaya a lokaci guda. Amma ai manhaja ba za ta yi maka tunani ba. Kafin ka danna, dan Allah ka tambaya wa ya faɗa, yaushe, a ina. Duk sanarwar da ba ta da kwanan wata ba ta da sunan ofishin da ya fitar da ita, ka bar ta ta mutu a wayarka. Su kuma adimin-adimin da ke ganin aikinsu kawai shi ne ƙara mutane da cire wanda ya yi zagi, akwai sauran aiki.

Abun da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne ba sai an yi wani gagarumin abu ba kafin a ga canji, wani lokacin fito da takarda fili kawai ya isa. A Yuganda an yi wani bincike da ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995, cikin kuɗin da gwamnati ke tura wa makarantun firamare na gudanarwa, kashi 13 cikin 100 ne kawai ke isa makarantun, sauran duk a hanya suke narkewa. Sai gwamnati ta fara buga adadin da ta tura wa kowace gunduma a jarida, aka kuma ce makarantu su riƙa liƙa nasu a allo inda iyaye za su gani. Zuwa 2001 abun da ke isa ya haura kashi 80. Masana suna ta muhawara kan ko bugawar ce kaɗai ta jawo hakan ko har da wasu gyare-gyaren da aka yi a lokacin, amma dai hedimasta da ya ga adadi a jarida ba za ka kawo masa rabi ka ce shikenan abun da aka turo ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne na wasu ƙauyuka a jihar Rajastan ta Indiya. Wata ƙungiyar manoma da leburori da ake kira MKSS, wadda Aruna Roy na cikin waɗanda suka kafa ta, ta fara wani abu a ƙarshen 1994 da in ka ji sai ka ce ai wannan ba komai ba ne. Su samo takardun biyan kuɗin ayyukan gwamnati da ƙyar da jiɓin goshi, su tara mutanen ƙauye a fili, sai wani ya miƙe ya fara karanto sunaye da ƙarfi, wane an biya shi kaza na kwana kaza. Sai ka ji wani ya ce ai ni ban taɓa zuwa wurin aikin nan ba, wata ta ce wannan ai mijina ne kuma ya daɗe da rasuwa, a karanto kuɗin ginin da aka ce an gama alhali kowa na kallon filin babu ko bulo ɗaya. Yawancin mutanen wurin ba su iya karatu ba, amma sun san wanda ya mutu da wanda ke raye, sun san inda gini yake da inda babu. Wato ilimin yana wurinsu, takardar ce kawai ba ta taɓa haɗuwa da su ba. Wannan fafutukar na cikin abubuwan da suka haifar da dokar 'yancin samun bayanai ta Indiya a 2005.

Kuma irin wannan dokar yanzu tana nan a ƙasashe sama da 100, Suwidin ce ta fara tun 1766. Ta Indiya ta ba ofis kwana 30 ya amsa, ta Najeriya da aka sa wa hannu a 2011 kwana 7 ta ce. Ko ana bin ta wannan wata maganar ce daban, amma mutane da yawa ma ba su taɓa gwadawa ba sun riga sun yanke cewa ba za a kula su ba. In za ka nema, ka rubuta a takarda, kar ka tsaya kan maganar baki, kuma kar ka ce a ba ka bayanin duk yadda aka kashe kuɗin bara, wannan ka ba su hanyar zillewa ne. Ka ce aikin kwalbatin layi kaza, nawa aka ware, wane kamfani aka ba, yaushe ya kamata a gama. Ka yi kwafi biyu a buga maka hatimi da kwanan wata a naka. Haka ma in ƙorafi za ka kai, na fitilar titi ne ko na shara, ka nemi lambar da aka shigar da ƙorafin da sunan wanda ya karɓa. Garuruwan da suka ɗauki abun da gaske har layin waya na musamman suke warewa, kamar 311 da birnin Baltimore na Amurka ya fara a 1996 don a daina cika layin gaggawa da maganar ramin titi. Kuma mutum goma su kai ƙorafi ɗaya a rubuce ya fi mutum ɗari su yi ta kumfar baki a guruf.

Sai maganar taruka, wadda a nan laifin ya rabu biyu. Jama'a ba sa zuwa, gaskiya ne. Amma su ma masu kiran taron wani lokacin sai ka rantse ba sa son a zo, a sa mitin ƙarfe goma na safe ranar aiki, sanarwa ta fito ana gobe, a rubuta ta da yaren da rabin gari ba sa ji, sannan a tashi a ce an tuntuɓi al'umma. Ba kowa ne zai iya barin sana'arsa ya je ba kuma ba a ma buƙatar kowa ya je. Mutum biyu ko uku daga unguwa sun isa, a riƙa karɓa-karɓa, in sun dawo su rubuta layi biyar kawai, ga abun da aka yanke, ga wanda aka ɗage, ga ranar zama na gaba. Ba sharhi, ba zagin ciyaman, wannan a bar wa masu sha'awa.

Wanda kuma zai rubuta sanarwa, ta rigakafi ce ko ta rajista ko ta gyaran wuta, ya taimaka ya daina rubuta "gobe" don saƙon zai yi sati yana yawo kuma kullum gobe ce. A sa rana da kwanan wata da lokacin farawa da na tashi, a faɗi wurin yadda baƙo ma zai gane, a faɗi takardun da mutum zai riƙo kar ya bi layi tun safe a ce ya koma gida ya ɗauko katin shaida. In kyauta ne a rubuta ɓaro-ɓaro cewa kyauta ne, don a wannan 'yar kafar masu karɓar na goro ke shiga. Sannan a tuna da waɗanda ba sa cikin kowane guruf, tsofaffi, marasa babbar waya, makafi da kurame, matan da ba su cika fita ba, wanda ya tare a unguwar watan jiya bai san kowa ba. Su sai an kai rediyo, ko an liƙa a inda ake taruwa, ko maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa ya faɗa masu da baki.