Ya lafa ne ko ya warke?

Shekarata huɗu kenan ina tsaron kemis a nan Ƙofar Ƙaura, kuma wallahi ba abin da ya koya min aikin nan kamar kalmar "lafa". Farkon zuwana duk wanda ya ce min jiki ya lafa sai in ce Alhamdulillahi, a wajena an gama magana.

Wata damina cikin Agusta, sauro ya yi yawa, wata dattijuwa ta shigo da jikanta a goye jikinshi zafi rau, aka tsaga mai yatsa aka yi gwaji layi biyu suka fito, maleriya ce. Muka ba ta maganin maleriya Coartem, sau shida ake sha cikin kwana 3 safe da yamma, muka haɗa da farasitamol. Bayan sati ɗaya sai ga ta, yaron ko kai bai iya ɗagawa, ta kwance bakin zane ta fiddo katin maganin, sau biyu kawai aka sha. Ta ce "ɗan nan ai tun washegari zazzaɓin ya lafa har tuwo ya ci, shi ne na adana sauran don wata rana." Ni dai ban ga laifinta ba, magani da tsada, kuma ni ne na miƙa mata ban tsaya na yi bayani ba. Har yau abin na ci mani rai.

Da aka sa su a Napep zuwa asibiti maigidana ya zaunar da ni ya ce to mi ake cewa ya lafa? Wuta, ƙura, rikici. Wutar da ta lafa ai garwashinta na nan ƙarƙashin toka, iska kaɗan take jira. Farasitamol zafin kawai yake saukewa, bai taɓa ƙwayar cutar da ke cikin jini, shi kuma na maleriyar sai an shanye shi duka yake gama da ita.

Ga mu kuma da kawaici, ka ce ya jiki a ce da sauƙi ko mutum na kwance bai iya tashi. Lafawar nan rahama ce fa, ita ke ba uwa damar runtsawa, yaro ya samu ya kurɓi kunu, ban raina ta ba.

Yanzu biro nake ɗauka in ja layi shida a bayan kwalin, in ce Inna duk sanda ya sha ki soke ɗaya, ko ya tashi yana ƙwallo a ƙofar gida kar ki tsaya sai layin nan sun ƙare.