Ga Ƙannena Masu Son Tono Tarihin Garuruwan Ailan

Ƙannena, duk wanda ya ɗaura aniyar nazarin garuruwan Ailan na tsakanin 1500 da 1700, abin da zai fara cin karo da shi shi ne kundin majalisar gari. Magajin gari da 'yan majalisarsa su zauna su kafa doka, magatakarda ya rubuta, shekara na bin shekara. Yana da daɗin karatu ƙwarai, kuma daɗin nan ne ya ruɗe ni sa'ad da nake sabon shiga.

A Galway, garin da ke bakin teku ta yamma, majalisa ta kafa doka a 1518 cewa kada wani ɗan gari ya gayyaci manyan dangogin karkara gidansa lokacin Kirsimeti ko Ista sai da izinin magajin gari, kuma kada wani mai suna da ya fara da O ko Mac ya yi taƙama a titunan garin. Masu irin wannan suna su ne 'yan ƙasa masu jin harshen Gelik. Da na karanta, sai na zauna na rubuta babi guda ina cewa ganuwar Galway ta raba al'umma biyu, jikokin Ingilawa a ciki, 'yan ƙasa a waje, babu mai shiga sabgar wani. Ban tsaya na tambayi kaina ba: wa zai hana cin abinci tare idan ba a ci? Hujjar kuwa tana nan kusa. A 1536 Sarki Henry na Takwas ya aika wa mutanen Galway umarni su riƙa magana da Ingilishi, su koya wa 'ya'yansu, su bar suturar 'yan ƙasa. Ashe mutanen da na ɗauka sun killace kansu suna sa tufafin maƙwabtansu, suna jin harshensu. Dole ma haka ta kasance, domin fatun da attajiran garin ke lodawa jirgi zuwa Sifaniya da Faransa su sayo giya da su daga karkara suke fitowa. Babin nan sai da na warware shi gaba ɗaya. Idan kun ga an maimaita doka, ku nemi mutanen da ke karya ta, su ne mazauna garin.

Ku riƙa tuna kuma su wa ke riƙe da alƙalami. A Galway 'yan gidaje kaɗan ne, irin su Lynch da Blake da French, ke juya mulkin gari tun daga 1484 da aka ba su ikon zaɓen magajin gari. Matar da ke sayar da kifi, da ɗan dako, da 'yar aikin gida, ba sa shiga kundi sai ranar da aka ci su tara.

To ina za a same su? Nan ne aikin yake da wuya, domin ranar 30 ga Yuni 1922, a farkon yaƙin basasa, gidan adana takardun gwamnati da ke Four Courts a Dublin ya ƙone. Wasiyyoyi da takardun kotu da rajistar coci-coci masu yawa suka tafi. Na daɗe ina fakewa da wannan gobara, duk tambayar da ta gagare ni sai in ce ai takardun sun ƙone. Ragwanci ne, kuma ya ci mini lokaci mai yawa. Wasiƙun da jami'an Dublin suka aika Landan suna nan a gidan adana takardun gwamnatin Birtaniya da ke Kew, a Landan. Takardun kwastan na Bristol, tashar jiragen ruwa a Ingila, suna nuna kifi da fatu da barguna da jiragen Waterford da Cork suka sauke. Sir William Betham, masanin asalin dangogi, ya taƙaita dubban wasiyyoyi tun ƙarni na 19, kafin wuta ta ci na asali. Tun 2022 kuma akwai rumbun intanet da masana a Kwalejin Trinity ta Dublin suka jagoranta, wanda ke tattara irin waɗannan kwafe-kwafe wuri guda. Ku kun samu abin da ba mu samu ba.

Sai shaidun 1641. Bayan tawayen 'yan ƙasa Katolika da ya ɓarke a watan Oktoba na wannan shekara, an ɗauki bayanin mutum wajen 8,000, galibinsu Furotesta, a kan abin da ya same su. Suna Kwalejin Trinity, mujalladi 31, kuma an sa su a intanet. Karatuna na farko labarin kashe-kashe kawai na bi, na tsallake jerin asarar da ke farkon bayanan. Alhali rayuwar gari tana cikin jerin nan: shanu nawa, fatu nawa a majema, da bashin da mai shaida ke bin maƙwabtansa Katolika, kowa da sunansa da garinsa. Wanda ya ba ka bashi ya san ka, ya yarda da kai. Wajen kashe-kashen kuwa, ku bambanta "na gani da idona" da "an faɗa mini". Mutane ne da suka sha wahala ta gaske, amma an yi amfani da maganarsu daga baya wajen ƙwace filaye.

Kwanan wata ma tarko ne. Har zuwa 1752 shekarar hukuma a Ingila da Ailan tana farawa ne ranar 25 ga Maris, don haka takarda mai ɗauke da Fabrairu 1603 ta 1604 ce a lissafinmu. Ƙasashen Katolika kuma sun gyara kalandarsu tun 1582, suka yi gaba da kwana 10. Shi ya sa yaƙin Kinsale, inda Ingilawa suka kara da 'yan ƙasa da Sifaniyawa a kudancin Ailan, yake 24 ga Disamba 1601 a wurin Ingilawa, 3 ga Janairu 1602 a wurin Sifaniyawa. Na taɓa sa amsar wasiƙa gaban wasiƙar saboda wannan, na gina hujja a kai.

Yinin mai wannan sana'a a ɗakin karatu yake ƙarewa, da fensir, don ba a yarda da biro kusa da tsohuwar takarda ba. Kada ku ɗauki hotuna dubu ku tafi gida kuna ganin kun yi aiki. Gara shafi biyar da kuka kwafa da hannu har idonku ya saba da rubutun magatakardan ƙarni na 16. Ku koyi Latin, ku koyi Gelik tun kuna da ƙuruciya. Na jinkirta Gelik, har yau ina biyan bashin.

Sannan ku fita ku taka garin da ƙafa, da taswirar da cibiyar Royal Irish Academy ta buga masa a hannu. Na yi rubutu a kan Kilkenny kafin in je, ina ɗaukar Irishtown unguwa ce kawai. Gari ne mai majalisarsa da shugabansa, a ƙarƙashin inuwar majami'ar St Canice, ƙaramin kogin Bregagh ya raba shi da babban gari. Ku shiga gidan da attajiri John Rothe ya gina tsakanin 1594 da 1610: shago a bakin titi, gidaje uku ɗaya bayan ɗaya da tsakar gida a tsakaninsu, lambu a baya ya miƙe zuwa ganuwa. Ku auna faɗin fuskarsa da takunku, ku auna na maƙwabta, sannan ku koma kundi ku duba nawa kowanne ke biyan haya.